Sandar da Yaya Ya Aiko daga Ƙasar Ƙanƙara

Ni ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta firijina, wadda nake ƙullawa a leda ina sayar wa masu sobolo, wato zobonmu na nan Kumasi. Amma yau in aka ce in ba da tarihin wata tsohuwar ƙungiyar wasan hoki na kan ƙanƙara da ke can wani birni a Kanada, zan kawo shi tiryan-tiryan, tun daga kafa ta har zuwa kofin da ta daɗe rabonta da shi. Ba da son raina na haddace ba. Yayana ne ya ɗura mini shi da maimaici, kuma bai taɓa tambayata ko ina da aikin yi ba.

Yaya shi ne ɗan fari a gidanmu da ke cikin Zango, unguwar Hausawa ta garin nan. Babanmu malami ne, makarantarsa tana zauren gida, kuma duk unguwa an san Yaya ne zai gaje shi. Ya sauke Alƙur'ani tun gemu bai fito masa ba, ga kai, ga murya. Kwatsam sai ya ce shi waje zai tafi neman abin kansa. Ba a yi faɗa ba, da ma an yi da ya fi sauƙi. Baba ya saurare shi har ya kai aya, ya ce “To,” ya ci gaba da fiƙe alƙalaminsa. Ranar tafiya Yaya ya durƙusa a zaure yana jiran a dafa kansa a sa masa albarka. Baba ya ce, “Allah ya tsare hanya,” irin addu'ar da yake yi wa kowane direban tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, da ya tsaya gaishe shi. Da wannan guntuwar addu'a Yaya ya tafi, ya bar gida bai sani ba ko tsohon ya yafe masa ne ko kuwa shiru kawai ya yi.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne kunyar ɗan fari. A gidanmu iyaye ba sa kiran sunan ɗansu na fari, ba sa zama hira da shi, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Mma, mahaifiyarmu, har yau “yayanku” take ce masa, kuma in tana da magana da shi ni take gaya wa, ko da yana zaune a gefenta. Baba ma haka yake. In Yaya ya bugo waya, a zamanin da sai an aiko yaro daga shagon waya na bakin titi a kira mu, Baba zai karɓa ya ce, “Lafiya? Kana salla a kan lokaci? To, ga uwarka.” Mma kuma ta miƙo mini. To mutum yana can wata uwa duniya, ta ina zai rarrabe kunya da fushi? Mu da muke gida ma ba mu iya ba.

Bayan wasu shekaru wani boga ɗan unguwarmu ya zo hutu, haka muke kiran wanda ya dawo daga ƙasar Turawa. Ya shigo a gurguje da saƙon Yaya, motar haya na jiransa a bakin lungu. Ya ajiye leda mai turare da man zafi, ya jingine wani dogon abu naɗe a kwali, ya ce, “Malam, ga saƙon ɗanka,” ya fice. Muka kwance kwalin. Sai ga doguwar sanda ta katako, ba mulmulalliya ba, mai faɗi-faɗi, kanta a lanƙwashe, an naɗe kan da baƙin salatif, ga rubutun boko a jikinta. Muka yi cirko-cirko. Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ba a taɓa kawo abin da ta ce ba ta sani ba, ta juya sandar ta mai da lanƙwasar sama, ta ce, “Ku dai ƙauyawa ne. Sandar dogarawa ce ta Turawa. Ga mariƙi nan har an naɗe shi don kada hannu ya zame.”

Kowa ya gamsu, don a lokacin gwiwar Baba ta fara ba shi wahala. Tsawonta ne kawai ya ɗaure mana kai, don ta kusa kai masa haɓa. Gwaggo ta ce ai mutanen can dogaye ne. Baba ya juya sandar a hannu, ya shafa ta. Washegari ya ce in raka shi Anloga, kasuwar katako, tunda na san kafintan da ya haɗa mini teburin shago. Na goya ɗana muka tafi.

Kafintan ba Bahaushe ba ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya tsai da sandar kusa da Baba, ya kwashe da dariya. “Malam, wannan sanda ya yi tsawo paa! Wanda ya yi shi, raƙumi ya auna?” Ya gwada ta da kwankwason Baba, ya datse ƙasan, ya rage mariƙin ya goge bakinsa. Ya ga wata 'yar tsaga a wuyanta, ya zuba mata gam ya ɗaure. Sannan ya kafa mata guntun bututun ƙarfe a gindi don kada katakon ya cinye.

Wannan ƙarfen shi ya ba Baba sauti. Ƙwas, ƙwas, a kan simintin lungu da murafen kwata, sau biyar a yini, daga zaure zuwa masallaci, daga masallaci zuwa zaure. In ɗalibai sun ji ta sai karatu ya ƙara ƙarfi. In mu mata muka ji ta sai kowa ta gyara mayafi. Da ita yake korar awaki daga bakin zaure, da ita yake buga ƙasa in wani ya fara gyangyaɗi. Salatif ɗin ya sule, aka sake naɗawa, ya sake sulewa, har ya bar ta haka, tafin hannunsa ya goge katakon ya yi santsi. Da Yaya ya tambaya a waya ko saƙo ya iso, na ce ya iso, an gode, muka wuce zuwa wata maganar, don mintin waya ba na dogon bayani ba ne. Baba kuma ba ya yarda a ɗauke shi hoto. Haka Yaya bai taɓa ganin mahaifinsa da sandar a hannu ba.

Baba ya rasu Yaya yana can. Takardunsa ba su daidaita ba a lokacin, in ya fito ba zai iya komawa ba, kuma ko da sun daidaita, mu ba ma ajiye gawa ta jira jirgi. Ƙaninmu ya hau buzun Baba ya ci gaba da makaranta. Mma ta ɗauke sandar ta kai ɗakinta, ta jingine a bayan ƙofa.

Sai a 'yan shekarun nan Yaya ya tattaro ya dawo gaba ɗaya, da furfura a gemu, yana ɗingishi, wai sanyin siminti ya cinye masa gwiwa. Gidan da yake ginawa a Asokore Mampong bai ƙare ba, don haka ya sauka a gidanmu. Na lura da abu biyu tun makon farko. Ba ya bi ta zaure, ta ƙofar baya yake shiga da fita, kamar wanda ya ci bashin masu karatu. Kuma kullum bayan azahar sai ya sa wata ƙatuwar rigar wasa mai dogon hannu, a wannan zafin na Kumasi, ya zo ya zauna a bencin shagona kusa da firiji. A nan karatuna ya fara.

Ashe duk shekarun nan a gidan wasan ƙungiyar hokin nan ta Kanada ya yi aiki. Da shara ya fara, yana kwashe abin da 'yan kallo suka zubar a ƙarƙashin kujeru. Daga baya aka mai da shi ɗakin kaya, yana wanke rigunan 'yan wasa yana jera musu sanduna. A ɗakin akwai wani tsohon Bature da ya tsufa a aikin, shi ya riƙa ba shi labari suna ninke riguna. Yaya kuwa an horar da kansa da hadda tun yana ƙarami, abin da ya shiga ba ya fita.

Ya ce ƙungiyar ta haura shekara ɗari. Waɗanda suka fara ta ba wasu manya ba ne, leburori ne da 'yan kasuwa, ana wasa ana komawa aiki da safe. Ana zamiya ne a kan ruwan da ya daskare, da takalma masu wuƙa a ƙasa, ana bin wani ɗan baƙin faifan roba mai kamar murfin gwangwani, a jefa shi raga. Ya ce mutanen farko ba sa sa hular kwano, gola ma da fuskarsa tsirara yake tare faifan, shi ya sa a tsofaffin hotunansu da wuya ka ga mai cikakkun haƙora. Na ce to wannan wasa ne ko neman asibiti? Bai kula ni ba. Ya wuce zuwa zamanin yaƙi, da samari suka tafi aka rasa masu bugawa, sannan zamanin rediyo, da iyali ke kewaye akwati ɗaya suna sauraro kamar yadda muke yi da tafsirin azumi. Yana jero kyaftin-kyaftin ɗinsu, wane ya karɓa daga wane, da irin muryar da Baba ke jero malaman da ya yi karatu a hannunsu.

“A wannan zamanin ne muka ci kofi a jere,” in ji shi wata rana.

Na ajiye ledar ƙanƙara na dube shi. “Ku wa? Yaya, lokacin ko Baba ba a haifa ba. Kakanmu yana kan hanya da jakunan goro.”

Ya yi murmushi. “Ke ba kya cewa mun zo Kumasi da fataucin goro? Goro nawa kika taɓa ɗauka a ka?”

Na koma kan ƙulla ledojina. Na kwana ina juya maganar. A cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan babu ko ɗaya da ke numfashi. Masu ita sun canza, 'yan wasa kan zo su tafi, wasu ma a sayar da su ga abokan hamayya. Gidan wasan ma ba shi ne na farko ba. Yaya ya ce yana nan aka tashi daga tsohon gidan aka koma sabo, ya ga manyan mutane suna kuka, suna sayen kujerun da suka saba zama a kai su tafi da su gida, don a kan kujerar ubansu ya fara zaunar da su. To me ya rage da ake kira ƙungiya? Launin riga, da suna, da mutanen da suka yarda su ce “mu”. Na duba Zangonmu na ga ba ta da nisa da haka. Gidajen ƙasa sun koma bulo, waɗanda suka sare dajin sun daɗe a ƙasa, jikokinsu rabin maganarsu Tuwi ce, yaren 'yan ƙasa, da Turanci, amma ka taɓa sunan Zango ka ga yadda za mu taso maka.

Akwai al'adunsu da suka ba ni dariya. Wai in an shiga wasannin ƙarshe na neman kofi ba mai aske gemu sai an fitar da su, na ce ashe su ma suna da ustazai na lokaci-lokaci. Amma wadda Yaya ya fi so, wadda ya maimaita mini har na gaji, ita ce ta rataye riga. In ɗan wasa ya yi wa ƙungiya hidima ta gaske, sai a tara jama'a, a kira shi da iyalinsa tsakiyar fili, a ɗaga rigarsa mai lambarsa can sama kusa da rufi. Daga ranar babu wanda zai sake sa wannan lambar har abada. Ya ce duk wanda ya shigo gidan, in ya ɗaga kai, zai ga waɗanda aka yarda da su.

“A gaban kowa ake gaya masa,” in ji Yaya. “Ba sai ya yi ta zato ba.”

Ya faɗi haka yana kallon bakin zaurenmu daga inda muke zaune. A nan na gane ba labarin Turawa kawai nake sauraro ba. Mutumin nan ya bar zaure ɗaya ya je ya samu wani, ya zauna a gaban wani tsoho ya haddace silsilar wasu mutane, amma tambayar da ya tafi da ita tana nan yadda take. Ya ce kofin ma tun kafin ya isa garin rabonsu da shi, kuma kowace shekara mutane na cika gidan suna cewa bana ce. Ya ce shi ya fahimce su sarai, don ya san yadda jiran abu yake. Ya ba ni tausayi, sai na tura shi ya ɗauko mini ledoji don kada ya gani a fuskata.

Duk wannan karatu da baki aka yi shi. In ya ce sanda, ni gora nake gani a raina, irin ta makiyaya. Ya sha miƙo mini wayarsa in kalla, ina cewa hannuna a jiƙe yake. Ran nan dai kasuwa ta yi sanyi, na goge hannu na karɓa. Ga farin fili, ga mutane suna shawagi kamar an kunna su, sai na ga abin da ke hannunsu. Na kawo wayar kusa da ido.

“Yaya, mene ne wannan suke riƙe da shi?”

“Sandar ke nan. Ai kin san ta, irin wadda na taɓa aiko wa yara su gani. Wani ɗan wasa ne ya ba ni, ta ɗan tsage za a jefar.”

“Wa yara?”

“Yaran gida mana. Ba na ce wa mai saƙon ya ba su ba?”

Dariya ta kama ni har sai da na dafa firiji. Lanƙwasar nan da Gwaggo ta ce mariƙi ce, ashe ita ce ke ƙasa tana share ƙanƙara. Shekara da shekaru malamin unguwa guda yana zuwa masallaci da sandar wasa a kife, mu kuma muna bayansa muna alfahari ɗansa ya aiko masa da sandar Turawa. Na ja hannun Yaya, ina share hawayen dariya, na kai shi ƙofar ɗakin Mma, ɗakin da kunya ba ta barinsa ya wuce bakin labule. Na ɗauko sandar na miƙa masa, na ba shi labarin Anloga da raƙumi da ƙwas-ƙwas ɗin lungu.

Da farko fuskarsa ta washe. Ya shafa inda hannun Baba ya goge, ya ce, “Kullum? Har ya rasu?” Na ce kullum. Sai na ga hasken yana janyewa a hankali. Ya jingine ta a bango kamar ta ƙona shi.

“Ashe kuskure ne,” in ji shi. “Ya ɗauka na tuna da gwiwarsa na saya masa sanda. Ni ko sanin gwiwarsa na ciwo ban yi ba. Tsagaggiyar sandar wasa ce da na tsamo daga abin da za a zubar. Da ya san mece ce, da ko awaki ba zai kora da ita ba.”

Na yi ta ba shi baki, amma ni kaina ban san gaskiyar ba, kuma ya san ban sani ba. Daga ranar ya daina zuwa benci. Rigar ma ya daina sawa. Yana fita wajen gininsa da safe, ya dawo ta ƙofar baya ya shige ɗaki. Ni da nake ƙorafin an dame ni da tarihin marasa haƙora, sai ga ni ina leƙen hanya bayan azahar. Na ji haushin dariyar da na yi, na ji haushin bogan da bai tsaya ya isar da saƙo ba, har Gwaggo da ke kabari sai da na ji haushinta.

Mma ba ta tambayi kowa komai ba, amma babu abin da ke wucewa a gidan nan ba ta gani ba. Wata rana da yamma tana tsakar gida tana tsince waken da za a dafa da shinkafa, ni ina gefenta, Yaya ya fito zai ɗebi ruwan alwala. Ba ta ɗaga kai ba ta ce mini, “Ki ce wa yayanku ya zauna.” Yana jinta, amma sai da na maimaita, don haka tsarin yake. Ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna nesa kaɗan.

“Ki gaya wa yayanku,” in ji Mma, “Malam ya san sandar nan ta wasa ce.”

Na ce, “Mma, ya sani? Tun yaushe?”

“Tun ba ta yi wata biyu a hannunsa ba. Akwai wani yaro ɗan jami'a da ke haya a Ayigya, yana zuwa ɗaukar karatu ranar da ba su da makaranta. Shi ya gan ta ya gane ta, ya taɓa gani a talabijin. Ya gaya wa Malam a zaure, su biyu. Malam ya sa shi ya nuna masa yadda ake riƙe ta. Ya tambaye shi ko akwai caca a ciki, ko akwai abin da zai hana mutum salla, kuma wanda ke kula da irin waɗannan sanduna wane irin aiki yake yi. Da ya gama ya ce wa yaron ya bar maganar a nan, kada gwaggonku ta ji kunya.”

Ta watsar da wani ruɓaɓɓen wake ga kaji. Yaya ya ajiye butarsa a ƙasa.

“Bayan magariba ya shigo ya gaya mini. Ya ce, ashe kayan aikinsa ya aiko. Ya ce bai saya mini abin rufe ido ba, abin da hannunsa ke taɓawa kullum shi ya turo gida, yanzu na san da me yake ci. Na ce to Malam, tunda ta wasa ce sai ka ajiye, a sayo maka ta kirki a kasuwa. Ya dube ni ya ce, in ajiye? Mai ita ba ya nan da zan dafa kafaɗarsa in je masallaci. Wannan ce a kusa.”

Ban taɓa ganin Yaya yana kuka ba, ko ranar da ya tafi. Ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa, kafaɗunsa na rawa, babu sauti. Ni ma na kasa riƙewa. Mma ta ci gaba da tsintar wakenta, sai dai na ga tana mai da mai kyau cikin na zubarwa.

Da ya samu kansa ya tashi ya wanke fuska, ya ɗauko sandar daga inda ya jingine ta. Ya ce mini zai sa a kafa ƙusoshi a zaure, can sama kusa da rufi, a rataye ta, kada kowa ya sake taɓa ta, duk wanda ya shigo ya ɗaga kai ya gani. Na san daga ina ya ɗauko wannan, kuma a raina na ce ba laifi. Na juya zan isar wa Mma kamar yadda aka saba, sai na ji ta riga ni.

“Kai,” in ji ta.

Shi ta kalla, ba ni ba. Tunda nake ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba.

“Can ne ake ratayewa. A gidan nan ba a rataye abin da ake bukata. Ga ka kana jan ƙafa tun da ka zo. Ɗauki, an kusa kiran salla. Kuma ta zaure ake fita.”

Yaya ya dubi bakin zaure. Sannan ya juya sandar, lanƙwasar a sama, yadda Gwaggo ta koya mana, ya ɗora hannunsa inda katakon ya yi santsi. An yanke ta ne daidai tsawon Baba, Yaya kuwa ya fi shi tsayi, don haka sai da ya ɗan rusuna kafin ta taɓa ƙasa. Ya bi ta zaure. Na ji ƙaninmu ya katse karatu, na ji yara suna gaisuwa, sannan ƙarfen ya sauka a kan simintin lungu.

Ƙwas, ƙwas. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan mayafina na gyara shi ba. Da na waiwaya, Mma ta tsai da hannunta a cikin wake, kanta a karkace wajen ƙofa, ba ta sake tsintar ko ƙwaya ɗaya ba sai da sautin ya sha kwanar masallaci.